Shekarar da Babanku Ya Yi Alwala da Ruwan Mutane

Da sunan Allah nake farawa, amma ba zan ɓoye muku ba, da haushi na ɗauki biron nan. Ran Juma'ar da ta wuce na ji 'yarka, kai Usama, tana gaya wa ƙawarta wai kakanta ya tafi Afirka ya auri wata jar mace ya manta da mu. Yarinya ƙarama ba ta ƙirƙiri wannan da kanta ba, a bakin wani ta tsinta. Ke ma Rahma kada ki yi wani sunkuyar da kai, na san naki bakin. To ku saurara in gaya muku yadda aka yi, tunda ni na zauna da mutumin nan, ba ku ba. Babanku bai gudu ba, kuma babu wata mace. Da ma macen ce, da na san da wa nake faɗa. Ƙwarya ɗaya ta ruwa ce ta raba shi da garin nan, ita da taurin kansa.

A Balad, tsohuwar unguwar Jidda, aka haife shi, kamar yadda aka haife ni, layi biyu ne tsakanin gidajenmu. Fasfonsa na Najeriya ne, amma a lokacin bai taɓa taka ƙasar ba, iƙama, takardar izinin zama, ce ta riƙe shi a Jidda kamar yadda ta riƙe mu duka. Gyaran famfo da injin haƙa rijiya yake yi a wani gareji a Madinar Masana'antu, kuma hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Shekarar da nake magana a kai, kafilinsa, mai garejin da ya tsaya masa a iƙamar, ya sayar da wani injin haƙa rijiya ga wasu mutane a Namibiya, can kudancin Afirka, ya ce Idi, babanku ke nan, ya bi injin ya nuna musu yadda ake aiki da shi. Ni ko sunan ƙasar ban iya faɗa ba. Ya tafi da ƙibarsa da barkwancinsa, bayan 'yan watanni aka dawo min da wani dogon mutum baƙi wuluk, idanu sun faɗa. Tsarabarsa gaba ɗaya wani dunƙulen ƙaro ne mai ƙamshi, wai tunda turaren wuta nake sayarwa in gwada.

Washegarin dawowarsa na kunna famfo ina wanke shinkafa, na juya in ɗauko murfin tukunya. Kafin in juyo mutumin nan ya yi tsalle daga falo ya kashe famfon, har ya buge min kafaɗa. Ya tsaya yana haki kamar wanda ya kashe gobara.

"Lafiya, Abu Usama?"

"Ruwa yana zuba," ya ce.

"To da me zai yi? Famfo ne."

Da farko ban damu ba, har na ɗan ji daɗi. Lokacin muna unguwar Bani Malik, hawa na uku, kuma shekarar ana yawan ɗauke ruwa. In tankin ƙasa ya ƙare sai maza su je su bi layi a rana don a turo wayit, motar ruwan nan, wani lokaci a wuni ba a samu ba. Na ce to, Allah ya kawo min mai taya ni tattali. Ashe ban san abin da ya shigo min gida ba. Babanku ya sayo bokitai ya jera a ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana tarar ruwan da yake ɗiga, namu bai ishe shi ba har da na maƙwabta, wani Bamisire da ke ƙasanmu ya fito ya tarar da shi tsugune a bayan tagarsa. Ruwan wanke shinkafa ba a zubarwa, da shi ake goge daɓe, abin da ya rage a zuba a banɗaki. Alwalarsa da kofin shayi ɗaya yake yi, ya kuma rage. Ke Rahma in kin shiga wanka yana tsaye a bakin ƙofa, kina sa sabulu yana buga ƙofa yana cewa halas, halas, ya isa haka. Da ya ga ba ma ji, sai ya koma kwance kawunan famfo yana zubawa a aljihu in zai tafi aiki. Ni, matar mai gyaran famfo, na koma buɗe ruwan gidana da filaya kamar ɓarauniya.

Duk wannan ba ya cewa komai sai labarin wasu mutane da ya gani, Himba. Wai makiyaya ne, shanu da awaki, matansu na shafa jan dutse da man shanu a jiki har su koma ja. Wai mace za ta girma ta tsufa ba ta yi wanka da ruwa ba, sai dai ta zuba ƙaro da itace mai ƙamshi a garwashi, ta lulluɓa ta zauna a kai har ta yi gumi. Ya ce ƙaron da ya kawo min irin nasu ne.

"Kin ga, ya Ummu Usama, sana'arki ce a can. Kuma wallahi ba sa wari."

"Turaren tsuguno kake nufi? Mu ma muna yi. Bayan wanka muke yi, ya shekh, ba a madadinsa ba."

"Da kin ga inda suke samo ruwan..."

"Ban gani ba, kuma ba na son gani. Ba ni kan famfona."

Kakarku Iya, mahaifiyarsa, tana tare da mu. Kun tuna ta, 'yar ƙaramar tsohuwa mai goro a kumatu, wadda ta shekara sittin a Jidda ta ƙi yarda Larabci ya zauna mata a baki. Da ƙafa iyayenta suka taho da ita daga Kano tana yarinya, ta Chadi da Sudan, suna tafe suna yada zango suna ƙwadago. Ita ce kaɗai ba ya iya tsayawa a ƙofar banɗakinta. Da gangan take shiga ta daɗe, muna jin ruwa na zuba, shi kuma yana zagaye falo yana matsa hannu. In ta fito sai ta dube shi ta ce, "Sannu da gadi."

Haka muka yi watanni. Gidan ya zama babu daɗi. Kai Usama ka daina cin abinci da shi, ka koma wanka a gidan abokinka, mutane suka fara tambayata ko talauci ne ya kama mu. Ranar da abin ya kai ni bango, wata Balarabiya ce mai sayen turarena da yawa ta zo, ta shiga wanke hannu ta tarar babu kan famfo, sai bokitin ruwan mukayyif da gwangwanin madara a ciki. Sai ta goge hannunta da gefen abayarta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na haɗa kayana a jaka na ajiye a tsakiyar falo, na ce gidan yayana Hamza zan koma, in ya gama haukansa ya aiko. Iya tana kan darduma tana jan carbi. Ba ta dube ni ba, ɗanta ta duba.

"Idi, zauna nan. Ƙishirwa ba kai ka fara ganinta ba, ni na sha ruwan da raƙumi ya ƙi. Amma ban zo na hana mutane wanka ba. Me ka yi a can?"

Ba ta ce me ka gani ba, cewa ta yi me ka yi. Ya zauna a ƙasa kamar yaro, ya fara. Ya ce bayan sun gama aikin injin, an tura shi duba wata rijiya can arewa, shi da direba, wani ɗan ƙabilar Herero, 'yan uwan Himba ne, harshensu kusan ɗaya, sai dai su matansu dogayen riguna suke sawa da ɗaurin kai mai kama da ƙahon saniya. Hanyar ba hanya ba ce, duwatsu ne masu yanka taya da rafuka busassu cike da yashi, a wuni ana tafiya ba a haɗu da mota ko ɗaya ba. Ya ce a cikin irin rafukan nan ya ga mata sun haƙa rami ya fi tsayin mutum, ɗaya na ciki tana jiran ruwa ya tsattsafo tana kwalfa da ɗan kofi, sauran na jira a sama da jarkoki, daga nan kuma su ɗora a ka su kama tafiyar da sai rana ta karkata za su isa gida. Tayarsu ta biyu ta fashe, ruwansu ya ƙare, suka bar motar suka taka har wata ruga. Wata mata ta fito ta dube su, ta koma bukka ta kawo ruwa a ƙwarya ta miƙa masa da hannu biyu.

"Iya, la'asar ta kusa fita," ya ce. "Na kurɓa sau biyu, na miƙa wa direban ya kurɓa. Na ga da saura. Sai na tsuguna na yi bisimilla."

Iya ta daina jan carbi.

"Na wanke hannu, na kurkure baki na zubar. Fuska, damatsa, har ƙafafu, sau uku-uku, yadda kika koya min. Ina ɗagowa na ga awaki sun rugo suna lasar ƙasa. Sai wata tsohuwa, sa'arki Iya, ta rarrafo ta kore su, ta sa hannu tana kwashe jiƙaƙƙen yashin tana zubawa a ƙwaryar."

Ya ce sai a hanya direban ya gaya masa ruwan gidan ke nan gaba ɗaya har jibi, kuma matar da ta ba shi tun asuba ta fita nemansa. Ga ƙasa ko'ina, taimama ta halatta gare shi, ya sani tun yana makarantar allo. Hannunsa ne kawai ya saba da famfon Jidda. Yana faɗa yana kuka, ƙato da shi. Ni ma na ji abin har cikin ƙashina, ba zan yi ƙarya ba, na zauna a kan jakar da na haɗa. Da Iya ta yi shiru a nan, da watakila yau babanku yana ɗakin nan yana damunmu da tari. Amma Iya ba ta iya shiru ba.

"To, ka yi abin kunya, Allah ya yafe maka. Amma ruwan da kake hana mu, wurinsu yake zuwa?"

Ya ɗago kai ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ya ce a'a, ba ya zuwa. Ya ce amma kusa da rugar akwai wani tsohon famfon tuƙa-tuƙa da wasu suka kafa suka tafi, ya mutu shekara da shekaru, ya buɗe shi ya duba kafin su taho. Ba abin da ya same shi sai wata 'yar roba da ta cinye a ciki, wadda ba ta fi tafin hannu ba, irinta na nan a garejinsu a kwali ana takawa. Ya ce ya gaya wa matar, ta bakin direban, zai dawo ya gyara. A ranar ya mayar da kawunan famfo duka, na yi wanka har na gaji. Ban san wankan nan tsada zai yi min ba.

Daga nan sai sabuwar fitina. Na ce ya aika musu da robar. Ya ce ga wa, mutanen da ba su da adireshi, yau suna nan gobe sun bi ciyawa? Na ce ya aika wa direban. Ya aika, shiru, ya sake aikawa, aka ce direban ya karɓa amma ba wanda ya san yadda ake zaro bututun famfon a sa ta. Na ce to ka yi sadaka a nan, ga mabukata cike da Jidda, ka sayi wayit guda ka raba wa unguwa. Ya ce ba unguwa ya yi wa alkawari ba. Na kawo masa malami har gida, malamin ya ce babu zunubi a kan wanda bai sani ba. Babanku ya yi godiya, ya raka shi har ƙasa, ya dawo ya ci gaba da juya robarsa a hannu. Da hutunsa ya zo ya je ya tsaya wa kafili a kai sai ya yi masa bizar fita da dawowa. Kafilin ya yi, ransa a ɓace, gajeriya, ya kuma gaya masa a gaban mutane cewa in ta ƙare yana waje, halas, kada ya neme shi. Ku da aka haifa a nan kun san ma'anar wannan. Wanda bizarsa ta mutu yana waje, ƙofa ta rufe, ko da a bakin Balad aka binne cibiyarsa.

Na ɗauke fasfonsa na ɓoye a cikin gwangwanin turare, ƙarƙashin itacen sandal. Ya san ni na ɗauka, bai tambaye ni ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi ba ni haushi fiye da a ce ya yi faɗa. Sai ya dawo daga aiki ya zauna a baranda, abinci ya huce a gabansa. In na kunna famfo ba ya tashi, sai dai in ga ya runtse ido. Na duba na ga mutumin nan ko na riƙe shi ba ni da shi. Wata safiya na fito da fasfon, yana ta ƙamshin sandal, na dangwara masa a cinya.

"Yalla, tafi. Ka sa musu robarsu ka juyo. Ko shayi aka ba ka kada ka tsaya sha."

"Sati biyu, in sha Allahu. Da sauran lokaci mai yawa a bizar."

"Kuma in an ba ka ruwa, don Allah ka yi taimama."

Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa tun kafin tafiyar farko. Da hannuna na ba shi, ku rubuta wannan ku ajiye, kuma ba na neman afuwar kowa a kai. Ya kira daga babban birninsu, ya sake kira daga wani ɗan gari inda kwalta ta ƙare, ya ce ya sami direban nan, gobe za su shiga daji, babu waya a can. Daga nan shiru. Sati biyu suka wuce, na uku ya wuce. Ina kallon kalanda kamar zan cinye ta. Na je wurin kafili da kaina na roƙe shi, ya ce min ya riga ya faɗa. Ranar da bizar za ta mutu na sa Hamza ya kai ni filin jirgi, na zauna ina duban duk wani dogon baƙin mutum da ya fito, har Hamza ya ce in tashi mu tafi.

Sauran kun san shi, ko da yake kun san shi a karkace. Kafili ya cire sunansa, aka yanke masa wa'adin hana shigowa ƙasar. Hamza ya yi ta zirga-zirga har Allah ya sa takardunmu suka tsaya, ba a kore mu ba. Babanku ya nufi Kano wurin dangin da bai taɓa gani ba, da Hausarsa rabi Larabci, yara na yi masa dariya a kasuwa. Ni ban bi shi ba saboda karatunku da kuma Iya, wadda ko matakala ba ta iya sauka. Da wa'adin hana shi shigowa ya cika, ya riga ya manyanta, babu kafilin da ke neman tsoho. Ni ina zuwa in gan shi, ku ne ba ku taɓa zuwa ba, kullum da uzurinku. Abin da ba ku sani ba shi ne wayar da ya yi, don kuna makaranta lokacin, kuma ban taɓa ba ku labarinta ba saboda in na tuna raina ɓaci yake.

Da hantsi ne, kwanaki bayan bizar ta mutu, ina daka turare. Na ɗauka na ji muryarsa, kuma wallahi murna ce a cikinta.

"Ummu Usama! An yi ruwa!"

Ya ci gaba, wai sun isa da ƙyar, ya zaro bututun, ya sa robar. Matar da ta ba shi ruwa ba ta nan, sun tashi da shanunsu tun tuni, ba wanda ya san inda suka nufa, wasu mutane ne daban a wurin. Wai suna juyowa aka tsuge da ruwa a kan duwatsu, ruwan da aka shekara ana jira, rafin nan busasshe da mata ke haƙa rami a cikinsa ya cika ya kawo ja wur yana tafe da itatuwa. Suka zauna a bakinsa suna jira ya janye, da ya janye kuma laka ta riƙe motar. Sai na sami bakina. Na ce masa ƙasar da babu ruwa ka je, ruwa ya tare ka? Na ce matar ma ba ka same ta ba! Na ce ka bar uwarka da 'ya'yanka saboda roba, ga shi Allah ya ba su ruwansa ba da hannunka ba! Babu abin da ban faɗa ba, har maƙwabta suka leƙo. Ya bar ni na gama.

"Na sani," ya ce, murnar ta fita daga muryar. "Ina zaune a bakin rafin nan ranar da bizar ta mutu, ina kallon hanya a tsallake. Ba ni Iya."

Na kai mata wayar har kan dardumarta, na kara mata a kunne. Na zaci za ta yi masa faɗa, na ma so ta yi, ko na sami mai taya ni. Ta saurare shi ta saurare shi, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Famfon ya kawo ruwa?"

Na ji shi daga inda nake tsaye ya ce ya kawo.

"To, alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka."

Ta ture wayar da bayan hannu. Na kashe, na tsaya a kanta ina huci, ina jiran ta ce wani abu da zan kama. Ta gyara mayafinta, ta lalubo carbinta a ƙasa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Zainabu, ni da ganin Idi kuma sai a lahira."

Haka kuwa aka yi.